Ragon Barzillai Ƙarami

A Rogelim, in baƙo ya ɓata hanya ya tambaya, sai a ce masa ya gangara Tudun Barzillai, ya bi gefen Rafin Barzillai, ya haye Gadar Barzillai, zai ga masaƙa a hannun dama. Baƙi kan ɗauka mutum ɗaya ne ya yi duk wannan, har su ce lalle bawan Allah bai taɓa zama ba. Mu kam mun san ba haka ba ne. Wani manomi ne cikin zuriyar Colby aka yi wa haihuwa, ya rufe ido, ya buɗe Littafi Mai Tsarki ya dangwala yatsa kamar yadda mutanen da ke yi, yatsan ya sauka kan sunan tsohon nan da ya kai wa Sarki Dawuda abinci a jeji. Tun daga nan sunan ya kama gidan Colby ya ƙi saki. A makabartarmu kaɗai akwai su goma sha ɗaya.

Amma biyu garin ya riƙe. Akwai Barzillai Babba, wanda ya gina gada bayan ambaliya ta cinye tsohuwar. Akwai kuma Barzillai Ƙarami, wanda ya saci rago aka ɗaure ƙafafunsa a turu a ƙofar coci. Babba shi ne kakan Dattijo Abiathar Colby, mai masaƙa, dattijon coci, shugaban kwamitin makaranta, shugaban duk wani kwamiti da ke da kujera mai hannu. Ƙarami kuwa shi ne mahaifin Kaka Huldah.

Shekarar Kaka Huldah tamanin da ɗaya, kusan saba'in daga ciki ana yi mata kukan rago. An yi mata a makaranta. An yi mata ranar aurenta, daga bayan katanga. Ranar da aka binne mijinta ma sai da wani ya ɗan yi ƙasa-ƙasa, ya wayance da tari. A coci bencinta na can ƙarshe, bakin ƙofa, inda iskar hunturu ke fara gaisawa kafin ta shiga. Ba ta taɓa neman a canja mata ba, ba ta kuma taɓa fashi ba. Sau ɗaya a shekara takan ce, "Babana ne ya gina gadar nan, ni nake kai masa abinci," mutane su gyaɗa kai irin gyaɗawar da ake yi wa tsufa.

Jikarta Tirzah ba ta gaji wannan haƙuri ba, tsayuwar wuya kawai ta gada. Ta yi shekara biyu a makarantar horon malamai mata, ta dawo da takardar shaida da amsa a bakin harshe, aka ba ta makarantar garin saboda ba a sami namijin da zai yarda da aikin ba. In zaunannun ƙofar kanti suka yi mata "mee", sai ta tsaya ta juyo ta ce, "Wanne ne a cikinku? Muryar ta dace da shi ƙwarai."

A shekarar 1876 ƙasa ta cika shekara ɗari da 'yanci, kowane gari na neman abin da zai yi taƙama da shi. Kwamitin biki ya yanke cewa za a kafa dutse a bakin gada da sunan wanda ya gina ta, a kuma karanta tarihin garin a bainar jama'a ranar huɗu ga Yuli. Dattijo Abiathar ya rubuta tarihin da kansa, shi zai karanta, har an buga sanarwa an liƙa. Matsala ɗaya, rubutunsa kamar tururuwa ta faɗa tawada ta fito tana neman gida. Sai ya aika aka kira Tirzah.

"Kwafa za ki yi, Malama," in ji shi, yana miƙa mata takardun ba tare da ya ɗago ba. "Ban ce gyara ba. Na san halin masu takardar shaida."

A shafi na bakwai ta tarar da gadar da kakansa. A shafi na tara ta tarar da ragon, da sunan mahaifin kakarta ɓaro-ɓaro, wai an sa ne don ya zama darasi ga matasa.

Ta iske Kaka a kicin tana tsince waken Asabar.

"Zai karanta a gaban gari, Kaka. Da ganga da kakaki."

"To? Yau aka fara?"

"Ba zan kwafa ba."

"In kin ƙi, wata za ta kwafa da mummunan rubutu. Gara a zage mu da hannu mai kyau." Ta jefar da wata tsakuwa cikin murhu. "Miƙo mini gishiri, ke dai, kin tsaya mini a ka kamar mai wa'azi."

Tirzah ta miƙa gishirin. Can ta ce, "Kaka, tsakani da Allah, ya sata?"

Hannun tsohuwar ya tsaya cikin waken. Ta ce, "Ina da shekara goma sha biyu ya rasu. Sanyin ruwan kogin nan ne ya shiga ƙirjinsa. Gadar kam na gani da idona. Ragon, an ce tun yana saurayi ne, ba a haife ni ba. Na tambayi uwata sau ɗaya ta mare ni." Ta ci gaba da tsinta. "Ƙila yunwa ce. Ni dai ban taɓa jin kunyarsa ba."

Tirzah ta lura ba ta ce bai sata ba.

Tsofaffin littattafan garin na cikin wani akwatin katako a ɗakin bayan coci, ɓeraye sun fi kowa karanta su. Asabar uku Tirzah ta yi tana zuwa bayan ta gama wanki, tana atishawa tana buɗe shafi. A ta uku ta sami hukuncin: Barzillai Colby Ƙarami, saboda ragon gwauruwa Amsden, awa biyu a turu. Shekarar 1774. Ta jawo littafin baftisma ta nemi mahaifin Kaka. An haife shi 1772.

Dariyar da ta kwashe da ita sai da tantabaru suka tashi daga rufi. Ta ci gaba da bincike har ta ga wani ɗan rubutu da magatakardan wancan zamani ya yi a gefen shafi, daga nan komai ya warware. Kafin ta koma gida ta biya makabarta da buroshin wanke daɓe, ta durƙusa ta goge gansakukar da ta rufe kabarin kakan Dattijo har shekarar rasuwarsa ta fito fes.

"Shekararsa biyu, Kaka," ta ce tun daga ƙofa. "Ko wando bai fara sawa ba. In ya saci rago, to a baki ya ɗauko shi."

Kaka Huldah ta zauna a hankali a kan akwatin itace. Ba ta yi kuka ba, ba ta iya shi a gaban mutane ba. Ta dai kama gefen siket ɗinta ta yi ta murzawa. "Ashe bai sata ba," ta ce. Ta sake faɗa. Sannan ta ɗago, idonta na wani ƙyalli da Tirzah ba ta taɓa gani ba. "To wa ya sata?"

Kwamitin biki mutum uku ne, sukan zauna Laraba da la'asar. Akwai Dattijo. Akwai Fasto Whitlock, ɗan shekara saba'in da takwas, wanda ya fi ba da gudummawa da gyangyaɗi. Akwai Zadok Pruitt mai kanti, wanda tun da Dattijo ya kayar da shi a zaɓen dattawan coci shekara ashirin da suka wuce yake jiran rana irin ta yau bai san kamanninta ba. Tirzah ta shigo da littattafai uku a ƙirji.

"Kin gama kwafar?" in ji Dattijo.

"Saura shafi biyu, ranka ya daɗe. Akwai abin da ya shige mini duhu, ni da ƙaramin sani. In za ku taimaka ku nuna mini."

Babu abin da Dattijo ke so kamar a ce masa ya nuna. Ya gyara zama. Ita kuwa ta jawo kujeru uku ta jera a tsakar ɗaki.

"Wannan kujera sunanta Babba. Wannan Ƙarami. Wannan na Uku. Fasto, zauna a ta farko, kai ne tsohon Barzillai na can farko. Dattijo, kai ne kakanka, zauna a tsakiya. Malam Zadok, kai ne mahaifin kakata, shekararka biyu."

"Biyu?" Zadok ya shafa gemunsa da ya kai ƙirji, ya zauna ya cusa babban yatsa a baki.

"Wane irin wasan yara ne wannan?" in ji Dattijo. "Kakana Babba ne. Me zai kai ni tsakiya?"

"Ai nan ne duhun. Mu yanzu mun ɗauka Babba da Ƙarami sunan mutum ne har kabari. Su kuwa mutanen da, in masu suna ɗaya suka yi yawa a gari, jera su ake yi bisa shekaru. In na gaba ya mutu, kowa ya matsa gaba. Sunan na kujera ne, ba na mai zama ba. Ko ba haka ba, Fasto?"

Fasto ya buɗe ido ɗaya. "Haka ne kuwa. Mahaifina ma sai da ya zama na Huɗu, ya zama na Uku, ya mutu yana Ƙarami. Har ya tafi yana jin haushin wani kawunsa da ya ƙi mutuwa."

"To," in ji Tirzah, ta buɗe littafi na farko. "Muna shekarar 1774. Wanda ke kan kujerar Ƙarami ya saci ragon gwauruwa Amsden. Wa ke zaune a kai?"

Zadok ya zare yatsa daga baki ya juya a hankali ya dubi maƙwabcinsa.

"Ni dai jariri ne," in ji shi. "Ko haƙori ban gama ba."

"Shirme!" in ji Dattijo.

"Mu ci gaba. Shekarar 1779. Fasto, ka mutu."

"Yanzu-yanzu?"

"Da zazzaɓi, ranar Talata. Ga shi a rubuce."

"To, Ubangiji ya karɓe ni." Fasto ya dafa sanda ya miƙe, ya koma kujerarsa ta gefen taga yana murmushi.

"Ku matsa gaba. Ga hannun magatakarda a gefen shafi: daga yau Ƙarami ya zama Babba, na Uku ya zama Ƙarami."

Dattijo ya koma kujerar Babba da sauri, kamar wanda ya tashi daga kan garwashi. Zadok ya shige ta tsakiya yana shinshina hannunta. "Har yanzu tana ɗan warin rago," in ji shi.

"Shekara ashirin da shida kuka yi a haka," in ji Tirzah. "Shi ya sa garin ya riƙe ku a haka. Labarin ragon ya tsaya a kan kujera, mai shi ya yi gaba ya bar shi, yaro ya zo ya zauna a kai."

"Ko ma mene ne, ga ni a kujerar Babba," in ji Dattijo, ya riƙe hannuwanta gam. "Babba ne ya gina gada. Ko shi ma za ki musa?"

"Ina ni ina musu? Babba ne, a daminar 1806. Sai dai yanzu muna Disambar 1805. Dattijo, ka mutu."

"Ban mutu ba."

"Yana kan dutsen kabarinka. Na goge shi da buroshi, ba sai ka gode ba."

"Na ce ban mutu ba!"

"Haba Abiathar, mutu mana," in ji Zadok. "Fasto ma da yake mutumin Allah bai yi gardama ba."

Dattijo ya miƙe zumbur don ya yi tsawa, yana nuna Tirzah da yatsa. Kafin ya buɗe baki Zadok ya sulale ya shige kujerar, ya harɗe ƙafa. "Allah ya jiƙansa," in ji shi. "Malama, ina duwatsun? Bari in fara gadar nan."

"Mahaifin kakata shekara biyu kacal ya yi yana Babba," in ji Tirzah, muryarta ta sauka. "Ya gama gadar, ya kwanta, bai tashi ba. Ba a ma saba kiransa da sunan ba."

Fuskar Dattijo ta yi ja har kunne. Ya sunkuyo ya ce da ita ƙasa-ƙasa, "Kin manta wanda ke sa hannu a takardar aikinki."

"Ban manta ba, ranka ya daɗe. Ita ma ni na kwafe ta."

Fasto ya karɓi littattafan ya sa tabarau ya daɗe yana dubawa. Ya ce wannan hannun magabatansa ne, shi kuwa ba zai zauna a karanta abin da littafin coci ya ƙaryata ba. Aka ɗaga hannu, biyu da ɗaya. Tarihi zai fita yadda yake a littafi, gada da rago, kowa da nasa.

Ranar Juma'a da hantsi keken dokin Dattijo ya tsaya a ƙofar gidan Kaka Huldah, abin da bai taɓa faruwa ba. Ya shigo da hula a hannu. Kaka na dama fate na masara, ba ta tashi ba.

"Inna Huldah, ina kwana."

"A'a, Abi! Yau ni ce Inna? Zauna. Ka yi ƙiba. Rabona da ganinka kusa tun ranar da ka yi fitsari a bencin gaba, aka fito da kai ta gabana."

Ya zauna a bakin kujera. Ya yi tari, ya ce shi mutum ne mai son zaman lafiya. Dutsen bakin gada zai sa a sassaƙa sunan mahaifinta da shekarar haihuwarsa da ta rasuwarsa, yadda ba mai sake ruɗewa. Za a dawo da ita benci na uku. Malama Tirzah za ta ci gaba da aikinta. Abu ɗaya yake roƙo: a cire maganar ragon daga tarihin gaba ɗaya. Abin da ya wuce shekara ɗari, mene ne amfanin tono shi?

"Makon jiya yana da amfani," in ji Tirzah. "Darasi ne ga matasa."

"Yi mana shiru, 'yar nema, manya na magana." Kaka ta ajiye muciya. "Abi, gadar nan ba kai za ka ba ni ita ba. Kullum ina taka ta, na san ta wa ce. In an cire rago daga takarda, daga bakin mutane fa? Gobe in na fita, a bayan wa za a yi kuka? Ragonku ne. Shekara saba'in ina yi muku kiwonsa, ba ko sannu. Ka zo ka ja abinka a gaban mutane."

"To kin san makomar jikarki," in ji Dattijo.

Nan Kaka ta juya ta dubi Tirzah, wannan karon ba wasa a fuskarta. "Aikin naki ne, ba nawa ba. In kin ce a bari, na bari. Na iya ɗauka, na saba."

Tirzah ta tuna ajin da ta share da hannunta, da murhun da ta yi wata uku tana faɗa kafin a gyara.

"Akwai makarantu a ƙetaren kogi," ta ce. "Mil huɗu ne. Gada kuma tamu ce."

Wasiƙar sallama ta iso ranar Litinin. Tirzah ta karanta da ƙyar saboda rubutun, ta gyara kuskure biyu da jan alƙalami, ta mayar masa.

Ranar huɗu ga Yuli rana ta buɗe tun da safe. An yi fareti, an harba tsohuwar igwa ta ƙi tashi sai a karo na uku, an jera tebura da wake da naman alade da burodin masara. Duk garin ya taru a bakin gada, har da mutanen ƙauyukan kewaye. Dattijo ya so ya ce maƙogwaronsa na ciwo, amma sunansa na kan sanarwa, Zadok kuma ya yi tayin karantawa a madadinsa, tayin da ya warkar da maƙogwaron nan take.

Kaka Huldah ta iso da baƙar rigarta ta coci, ta ratsa taro ta zauna a benci na gaba ba wanda ya gayyace ta. A cinyarta akwai ƙahon ji irin na kurame, wanda ta aro wurin matar Fasto. Tirzah ta dubi ƙahon, ta dubi tsohuwar da ke jin motsin ɓera a rumbun maƙwabta.

"Kaka, wannan fa?"

"Tsufa, 'yar nan. Jiya ya zo mini."

Dattijo ya fara da murya kamar tsawa. Ya yi zuwan kakanni, ya yi yaƙi, ya yi hunturun da dusar ƙanƙara ta rufe tagogi. Da ya zo gada muryar ta ragu, amma ya faɗi sunan da shekarun, mutane suka fara duban juna. Da ya juya shafi na tara sai ya sunkuyar da kai, ya zuba layin cikin gemunsa a numfashi ɗaya, ya yi gaba.

Kaka ta ɗaga ƙaho ta kafa a kunne.

"Abi! Ban ji ba."

Ya tsaya. Gumi na bin wuyansa. Ya maimaita, da ɗan ƙarfi.

"Ya ci me?"

"Ya saci rago, Inna."

"Wa?"

"Barzillai Colby, wanda a lokacin ake kira Ƙarami."

"Ai suna da yawa, ɗana. Na gidan wa?"

Fasto Whitlock, wanda yau ko gyangyaɗi bai yi ba, ya ce, "Yana nan a rubuce, Dattijo. Karanta mata, tsohuwa ce."

Dattijo Abiathar ya dubi sama, bai ga taimako ba. Ya cika ƙirji ya ce, da muryar da sai da dawakan da ke ɗaure a ƙetare suka ɗaga kunne, "Kakana ne! Kakana ne ya saci ragon!"

"Yauwa," in ji Kaka, ta sauke ƙahon. "Ci gaba, yaro, kana ƙoƙari."

Dariyar ta fara daga bayan taro ta gangaro gaba, har mai ganga ya yar da sandarsa. Kaka ba ta yi dariya ba. Ta zauna a miƙe tana kallon ruwan da ke wucewa ƙarƙashin gada, hannunta ɗaya ya kama na Tirzah ya matse har ya yi zafi.

Da aka watse, matar Fasto ta zo karɓar kayanta, tana ihu kamar yadda ta saba. "Huldah! Ya yi miki aiki kuwa?"

"Sosai," in ji Kaka, ta miƙa mata. "Har na can baya ma sun ji."